Faya-fayan Baba da Waƙar da Ba Mu Rera Ba



Wata Asabar da yamma, bayan mun tashi daga koyon waƙa, mu shida muka biya gidan wani dattijon ikilisiyarmu don mu duba shi, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa sujada har Lahadi uku. Tsohon malamin makaranta ne. Ya yi karatu a Zariya cikin shekarun 1970, aiki ya kawo shi ƙasar Gobir, ya ga wuri ya zauna. Muna cikin gaisuwa sai ya ce wa autanmu ya jawo masa wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Mun zaci tsofaffin takardu ne. Da aka buɗe sai ga faya-fayan garmaho jere, wasu zafi ya lanƙwasa su, gara ta ci gefen kwalayen, amma hotunan suna nan: baƙaƙen fata masu tulin suma, da wando mai faɗin ƙafa, da jita a rataye. Muka yi ta dariya. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta ce, "Baba, ashe kun ci zamaninku!" Ya ce, "Mun ci, 'yata, har mun suɗe kwano."

Garmahon kansa ya mutu tun kafin a haife mu, amma jikansa ya zuba masa waƙoƙin a waya. Ya kunna mana uku ko huɗu, yana tsayarwa yana faɗa mana wanda ya rera, da shekarar, da abin da ya sa aka rera. Da ya gama sai ya kife wayar a kan tabarma ya dube mu. Ya ce, "To, 'ya'yana, waɗannan sun rera abin da ya same su. Ku fa? Lahadin da ta biyo bayan ƙona motar Gidan Bawa, wace waƙa kuka tayar a majami'a?"

Babu wanda ya amsa, ba don mun manta ba. A farkon watan Disamba na 2021 ne 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja da ta taso daga wajen Sabon Birni, suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Hukuma ta ce mutum 23 suka mutu, mutanen gari sun ce sun fi haka. A wannan Lahadin mun yi addu'a, gaskiya ne, fasto ya ambaci abin. Amma da lokacin waƙa ya yi, sai muka tayar da ta nasara mai saurin kiɗa, muka taka rawa zuwa akwatin baiko kamar yadda muka saba. Ba mu da wata. Mun duba cikin abin da muka iya, babu waƙa ko ɗaya da ta dace da mutanen da warin hayaƙi bai bar hancinsu ba.

Tun daga ranar tambayar Baba take cinmu. Ra'ayinmu shi ne wannan: mawaƙan can na zamanin da, waɗanda yawancinmu muke ɗauka 'yan duniya ne kawai, sun riƙe wani abu da suka ɗauko daga majami'a, mu kuma da muke cikin majami'ar mun sake shi ya faɗi.

Kiɗan da ake kira sol, kalmar Turanci ce mai nufin rai, ya taso ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka cikin shekarun 1950 da 1960, kuma a majami'a aka yi renonsa. Duk wanda ya saurara zai gane: jagora ya ɗaga murya, 'yan amshi su karɓa, tafi yana tafiya, muryar tana ja tana karyewa kamar ta mai wa'azi da ya kai tsakiyar saƙo. Ga kunnen Bagobiri wannan tsari ba baƙo ba ne, haka makaɗanmu suke yi da 'yan amshinsu. Kuma idan aka bi manyan mawaƙan ɗaya bayan ɗaya, abin mamaki, 'ya'yan masu wa'azi ne. Mahaifin Sam Cooke fasto ne. Mahaifin Aretha Franklin, Rabaran C. L. Franklin, shi ne faston majami'ar Baptis ta New Bethel a birnin Ditroit, aminin Martin Luther King ne kuma. Mahaifin Marvin Gaye mai wa'azi ne. Mahaifiyar Nina Simone mai wa'azi ce a ikilisiyar Metodis.

Waƙar farko da Baba ya kunna mana ta Sam Cooke ce. Wannan mutum ya yi shekaru yana jagorancin wata shahararriyar ƙungiyar waƙoƙin bishara mai suna Soul Stirrers kafin ya koma waƙoƙin soyayya. Da zai fitar da ta farko ma sai da ya ɓoye sunansa, don kada masu bi su gane muryar wa ce. Sun gane. Ya yi kuɗi, ya yi suna, Turawa suna sayen faifansa. Amma a watan Oktoba na 1963, shi da matarsa da abokan tafiyarsa suka isa wani masauki a garin Shreveport na jihar Luwiziyana, aka hana su ɗaki saboda launin fatarsu. Da ya ɗaga murya sai 'yan sanda suka kama shi. 'Yan watanni bayan haka ya yi "A Change Is Gonna Come". Ba ta da saurin kiɗa, ba a rawa da ita. Mutum ne mai gajiya yake faɗin tsawon wahalar da ya sha, yake furta tsoronsa a fili, sannan a ƙarshen kowane baiti ya riƙe bege da ƙyar. Abin da ya kama mu ke nan: begen yana nan, amma sai da aka bi ta cikin wahalar kafin a kai gare shi. Mu a waƙoƙinmu tsalle muke yi mu dira kan begen.

Mako uku kafin abin da ya sami Cooke, ranar Lahadi 15 ga Satumba 1963, 'yan wariyar launin fata sun dasa bam a wata majami'ar Baptis ta baƙaƙen fata a Bamingham ta jihar Alabama. 'Yan mata huɗu suka mutu suna shirin sujada, uku masu shekara 14, ɗaya mai shekara 11. Sa'o'in 'yan Makarantar Lahadinmu. Nina Simone ta ji labarin, fushi ya cika ta, ta zauna gaban fiyano ta yi waƙa mai zafi wadda gidajen rediyo da yawa a kudancin ƙasar suka ƙi sakawa. Wasu kalmominta ba za su shiga bakinmu ba, kuma ba ma cewa su shiga. Akwai wasu da suka bi wata hanyar. Iyalin Staple, uba da 'ya'yansa, mawaƙan bishara ne tsantsa. Bayan sun ji wa'azin King sai suka shiga rera abin da yake wa'azi a kai. A 1965 suka ɗauki faifan "Freedom Highway" a cikin wata majami'a a Shikago, ikilisiya tana amsawa, a kan tattakin da aka yi daga Selma zuwa Montgomery don neman 'yancin jefa ƙuri'a. Ba su fita daga majami'a don su faɗi gaskiyar titi ba, titin suka shigo da shi gaban bagade.

Wanda Baba ya fi daɗewa a kansa shi ne Marvin Gaye. Kamfanin Motown ya gina shi a matsayin mawaƙin soyayya, mai kwat da murmushi. Sai ƙanensa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam yana ba shi labarin abin da idonsa ya gani. Abokiyar waƙarsa Tammi Terrell kuma ta rasu a 1970 tana ƙuruciya. Gaye ya ce ba zai iya ci gaba da waƙar soyayya kaɗai ba duniya tana ci da wuta. Mai kamfanin, Berry Gordy, ya ƙi, yana ganin siyasa za ta kashe kasuwa. Gaye ya kafe, ya ce ba zai sake ɗaukar komai ba sai an fitar. A 1971 faifan "What's Going On" ya fito, ya yi kasuwar da mai kamfanin bai zata ba. Sunan faifan tambaya ce. A cikinsa akwai sojan da ya dawo gida bai sami aiki ba, da unguwar talakawa, da miyagun ƙwayoyi, da gurɓatar ruwa da iska, da yara, da kiran Allah kai tsaye. Babu zagi a ciki. Murya ce mai taushi tana tambaya, kuma Baba ya ce taushin ne ya sa ta fi shiga jiki.

Kiɗan rok ba za mu daɗe a kansa ba. Shi ma yana da jijiya a majami'a: Sister Rosetta Tharpe, 'yar ikilisiyar Fentikos, tana kaɗa jita mai lantarki a waƙoƙin bishara tun kafin a san su Elvis Presley. Daga baya samarin Turawa suka ɗauke shi suka ƙara masa ƙara. A 1969 ƙungiyar Creedence Clearwater Revival ta yi "Fortunate Son", a kan yadda ake kwashe 'ya'yan talakawa zuwa fagen daga, 'ya'yan manya suna gida. Wanda yake da ɗan'uwa soja a dajin Zamfara ko Borno ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan.

Kada wani ya ce labarin ƙasar nesa ne. Kiɗan ya iso mu. James Brown ya zo Najeriya a ƙarshen 1970, watanni bayan ƙare yaƙin basasa, samari suka ruɗe da kwaikwayon rawarsa. A gabashin ƙasar, inda yaƙi ya fi ɓarna, samari suka kafa ƙungiyoyin rok irin su Funkees da Wings. Fela Kuti, shi ma ɗan limamin Anglikan ne, kakansa Rabaran J. J. Ransome-Kuti ya ɗauki waƙoƙin ikilisiya na Yarbanci a faifai a Landan tun cikin shekarun 1920. Fela ya je Amurka a 1969 ya dawo da wani sabon baki. Bayan waƙarsa "Zombie", sojoji suka ƙona gidansa a Legas cikin Fabrairu 1977, suka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Ba mu yarda da rayuwar Fela ba, shi ma bai ɓoye raininsa ga bangaskiyarmu ba, amma ya biya kuɗin abin da ya faɗa. Sonny Okosun ya yi "Fire in Soweto" bayan da 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe 'yan makaranta a watan Yuni na 1976. Ba danginsa ba ne, ba ƙasarsa ba ce, amma ya yi musu makoki har duniya ta ji. Daga baya ya zama mai bishara, ya kafa majami'a a Legas, ya rasu a 2008. A nan Arewa akwai Bala Miller, ɗan fasto daga Zariya, wanda ƙungiyarsa a Kaduna take haɗa kayan kiɗan zamani da Hausa. Akwai kuma wanda bai taɓa bukatar lantarki ba: Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan mai akwai da babu. Idan ana neman mai kiɗan sol na Hausa, a ganinmu shi ne, ko da bai taɓa kiran kansa haka ba.

To, mu dawo gida. Ƙasar nan ta san ƙarfin waƙa fiye da ƙasashe da yawa. A fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi kiɗan kotson da har yau ake nazarinsa a jami'o'i. Ya rasu wajen lokacin samun mulkin kai, amma "Bakandamiya" tana nan a bakin mutane. Sarakuna da yawa da suka yi zamani da Amadu an manta da su, shi ana tunawa da shi saboda yana da mawaƙi. Wannan shi ne aikin waƙa a ƙasar Hausa: wanda aka yi wa, ya zauna, wanda ba a yi wa ba, iska ta share sawunsa.

Kuma ba sarakuna kaɗai ake yi wa ba. Ɗan Anace ya yi wa Shago da 'yan dambe. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri. Gambo ya yi suna da waƙar ɓarayi kafin daga baya ya ce ya bari. A 'yan shekarun nan kuma kowa ya ji waƙoƙin yabon manyan 'yan bindiga suna yawo daga waya zuwa waya, har yara suna rerawa a bakin rijiya ba su san abin da suke faɗa ba. Ba sai mun ambaci suna ba, kun san dalilin da ya sa ba za mu ambata ba. Masu kisa suna da mawaƙa. Waɗanda aka kashe fa?

A ƙarshen watan Mayu na 2020, a rana ɗaya aka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni, irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. Tun daga 2019 dubban mutanenmu suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi, wasu har yau ba su dawo ba. A 2021 aka katse layukan waya na tsawon lokaci, mutum ya rasa yadda zai ji ko mahaifiyarsa tana da rai. Ƙauyuka suna haɗa kuɗin haraji kafin a bar su su yi shuka, su sake haɗawa kafin girbi. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Duniya ta ga dattijo ɗaure yana roƙo a bidiyo, sannan cikin watan Agusta aka ji ya rasu a hannunsu. Mawaƙan Hausa da dama sun yi waƙoƙi a kan halin da Arewa take ciki, Allah ya saka musu. Tambayarmu a kan namu bakin take. Kowace Lahadi muna da makirufo, da ganga, da jita, da mutanen da suka zo da zuciya a buɗe. Me muke yi da su?

Mun kai wannan magana gaban wasu iyayenmu, kuma ba duka suka yarda ba. Ya kamata mu faɗi hujjojinsu yadda suke, don suna da nauyi.

Wata uwa daga zumuntar mata ta ce, "'Ya'yana, waɗannan da kuke yabo, yaya suka ƙare?" Gaskiyarta. An harbe Sam Cooke a wani masauki a Los Anjalis cikin Disamba 1964, yana da shekara 33, a wani yanayi da ba abin alfahari ba. Marvin Gaye ya faɗa cikin ƙwayoyin da ya yi waƙa a kansu, kuma mahaifinsa mai wa'azin nan ne ya harbe shi ranar 1 ga Afrilu 1984, ana gobe zai cika shekara 45. A zamanin Baba, a otal da gidan giya ake jin irin wannan kiɗa, shi ya sa dattawa suka hana. Ba mu ce a ɗauki rayuwarsu a matsayin abin koyi ba, ba mu kuma ce a shigo da faya-fayansu cikin sujada ba. Amma zunubin mawaƙi bai mai da bam ɗin Bamingham ƙarya ba. Har ma muna ganin akwai darasi a ɗaya gefen: da yawansu sun fita ne da baiwar da majami'a ta rena, suka tafi inda babu mai kiwonsu. Wasu sun dawo. Aretha Franklin, a tsakiyar ɗaukakarta, ta koma cikin majami'a a 1972 ta ɗauki faifan "Amazing Grace". Al Green ya zama fasto a Memfis a 1976. Idan matashi mai baiwa a cikinmu yana da baƙin cikin da yake so ya rera, muka ce masa nan ba wurinsa ba ne, ina muke so ya kai shi?

Wani dattijo kuma ya ce waƙar kuka rashin bangaskiya ce, mai bi nasara yake furtawa. A nan kam, da ladabi, ba mu yarda ba, kuma Littafi Mai Tsarki ne ya hana mu yarda. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi a gaban Allah. Zabura ta 88 ta fara da duhu ta ƙare da duhu, ba a ɗaura mata dariya a wutsiya ba, kuma Ruhu ya bar ta a cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Habakuk ya buɗe annabcinsa da tuhumar shirun Allah a kan zalunci. Da Saul da Yonatan suka mutu, Dawuda ya tsara waƙar makoki ya ba da umarni a koya wa mutanen Yahuza, ku duba 2 Sama'ila sura 1. A Irmiya sura 9 Ubangiji da kansa ya sa a kira mata masu makoki, ya ce su koya wa 'ya'yansu mata. A Amos sura 5 kuma ya ƙi sauraren hayaniyar waƙoƙin mutanen da suka bar adalci ya kwanta, wurin da King yake yawan komawa a wa'azinsa. Ubangijinmu Yesu ya tsaya ya dubi Urushalima ya yi mata kuka. Wanda ya kawo kukansa gaban Allah ya gaskata ke nan akwai mai ji. Wanda muke jin tsoro a kansa shi ne wanda ya yi rawa da safe, ya koma gida ya kwana yana haɗiye abin da ba a ba shi wurin faɗa ba.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ba mu da cikakkiyar amsarta. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki. Yawancinmu aiki ko kasuwa ta kawo iyayenmu. Bango yana da kunne, kowa ya san akwai masu kai rahoto daji. Abin da ya sami Fela ya same shi ne a tsakiyar Legas, da 'yan jarida a kusa. Mu nan wa zai ji? Saboda haka ba muna kiran kowa ya yi jarumtar banza ba. Waƙar da muke nufi ba ta ambatar sunan mai bindiga, ba ta zagin gwamna, ba ta ɗora laifi a kan wata ƙabila. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai rugagen Fulani da aka ƙona, akwai waɗanda aka kashe a kasuwa ba su san hawa ba ba su san sauka ba, saboda kamanninsu kawai. Waƙar da ta yi kukan wani gida ta tsallake wani, ta zama gangar yaƙi. Irin tambayar Marvin Gaye muke so, mai taushi, wadda ba ta nuna kowa da yatsa amma ba ta bar kowa ya yi barci ba.

Wani zai ce, ai yawancin waɗanda aka kashe Musulmi ne, me ya kai mawaƙan majami'a? Amsar ita ce maƙwabtanmu ne. Su ne suka sayar mana da gero, su ne suka zo mana gaisuwa ranar da muka yi rashi, da 'ya'yansu muka zauna aji ɗaya. Manzo Bulus a Romawa sura 12 bai sa sharaɗin addini a kan waɗanda za mu taya kuka ba. Okosun bai tambayi ɗarikar yaran Soweto ba.

Abu ɗaya da Baba ya ja mana kunne a kai: kada mu je mu kwaikwayi muryar Amurkawa. Ya ce a zamaninsu sun yi wannan wautar, suna ihu irin na James Brown ba su san me ya sa yake ihun ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Muna da karin waƙoƙin noma na gayya, muna da na mata a bakin dutsen niƙa, waɗanda dama can a cikinsu mace take zuba abin da ke damunta. Iyayenmu mata na zumunta sun daɗe suna ɗora bishara a kan irin waɗannan karin, da tulu da kacau-kacau. Su ya kamata mu zauna a gabansu mu koya, ba YouTube kaɗai ba.

Mun gwada. Asabar biyu da suka wuce muka ce kowa ya faɗi sunan ƙauyen da ya san an taɓa, mu jera su cikin waƙa, jagora ya kira suna, 'yan amshi su roƙi jinƙan Ubangiji a kansa. Mun zaci baiti biyu za su isa. Muna cikin rubutu, wata ƙanwarmu da ba ta cika magana ba ta faɗi sunan garin kawunta, sai muryarta ta tsaya. Shekara biyu muna waƙa tare da ita, ba mu taɓa sanin an kashe shi a gona ba. Mai ganga ya ajiye sanda. Mun daɗe zaune kafin wani ya iya yin addu'a. Da muka ƙirga, sunayen sun cika shafi guda sun juya baya, karin da muka zaɓa ya kasa ɗaukarsu.

Mun kai wa fasto da dattawa roƙo cewa a ba mu wuri sau ɗaya a wata, kafin addu'ar roƙo, mu rera irin wannan. Sun ce za su zauna a kai, kuma suna so su ga kalmomin tukuna, wanda daidai ne. Baba ya ce idan mun gama mu fara zuwa mu rera masa a ɗaki, shi zai faɗa mana in ƙarya muke yi.

Waƙar ba ta ƙaru ba har yanzu. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu za mu sake zama a majami'a, mu tashi kafin duhu saboda masu nisa. Wanda yake da sunan gari ko na mutum da yake so a sa, ya zo da shi. Wanda ba zai iya faɗa da baki ba, ya rubuta a takarda ya miƙa wa shugabar mawaƙa.